Shekara 19 ina auna jinin mutane, na manta da nawa

Ina da shekara 14 Inna ta faɗi a bakin murhu. Da asuba ne, ta ɗora kaskon ƙosai mai ya fara zafi, sai muka ji ƙarar cokalin suya a ƙasa. Da na fito na tarar da ita a jingine da turmi, bakinta ya karkace gefe guda, hannun dama ya saki, tana ƙoƙarin kiran sunana harshen ya ƙi juyawa. A unguwarmu a cikin birnin Zariya babu wanda ya ambaci hawan jini. Manya suka ce iska ce ta buge ta. Aka yi hayaƙi, aka yi tofi, aka yi rubutu. Ban taɓa raina addu'a ba, har gobe da ita nake kwana nake tashi, amma sai da aka kwana uku kafin a ɗauke ta zuwa asibiti, kuma a cikin kwana ukun nan ne abin da zai lalace ya gama lalacewa.

Shekara biyu ta yi a kwance. Ni nake juya ta, ni nake yi mata wanka, ni nake wanke gyambon da kwanciya ta fitar mata a ƙugu. Ta rasu ina da shekara 16. Jinyar nan ce ta kai ni makarantar koyon aikin jinya, kuma a can na fara jin sunan abin da ya kashe ta. Shekaru ta yi tana yawo da hawan jini ba a taɓa ɗaura mata na'urar awo ba.

Mai karatu zai ɗauka wadda ta ga wannan da idonta ba za ta yi wasa da nata ba. Na yi. Hausawa suka ce wanzami ba ya son jarfa, kuma gaskiya suka faɗa. Na yi aure, na haifi huɗu, ina aikin dare ina aikin rana, surukata tana ɗakina tana fama da ciwon ƙafa. A cikin na huɗu, ina da shekara 36, jinina ya hau har aka ɗora ni a kan magani. Bayan haihuwa ya ɗan sauka. Likita ya ce, "Sista, ki dawo bayan sati shida mu sake dubawa." Ban koma ba. Na sani sarai cewa macen da jininta ya hau da ciki tana cikin haɗarin kamuwa da hawan jini na dindindin daga baya, ni da bakina nake gaya wa mata haka. Duk da haka na sha kunun kanwa na jego kamar kowa, don kada a ce ilimin boko ya sa na raina al'ada. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan yawan ciwon zuciyar masu jego a ƙasar Hausa, suka danganta shi da kunun kanwa da kwanciya a gado mai wuta a ƙasa. An koya mana wannan a aji. Na sha dai.

Shekara bakwai suka biyo baya ban auna kaina ko sau ɗaya ba. In kaina ya yi ciwo, in haɗiyi diclofenac in ci gaba da aiki. In barci ya kama ni a aikin dare, in ci goro in sha shayi mai kauri da sukari cokali uku. Na'urar awo tana hannuna kullum, a damtsen wasu. Yanzu da na zauna na duba zuciyata, tsoro ne ya hana ni. Ina tsoron in ga lambar in tuna Inna.

Ranar da abin ya faru na gama aikin dare, ina rubuta rahoton miƙa aiki da misalin ƙarfe bakwai da rabi. Biro ya suɓuce daga hannuna. Na sunkuya in ɗauka, yatsun suka ƙi kamawa. Na juya in ce wa abokiyar aikina ta taimaka min, sai na ji maganar tana fita a dagule kamar ta mai maye. Ta dube ni ta ce, "Yaya, yi murmushi mu gani." Na yi. Fuskarta ta canza, a nan na gane gefen bakina bai ɗaga ba. Suka zaunar da ni suka auna: 192 bisa 116. Cikin minti 20 hannun ya dawo, maganar ta daidaita. Hoton ƙwaƙwalwa bai nuna ɓarna ba. Irin wannan shi ne ƙaramin shanyewar jiki mai wucewa: ɗan gudan jini ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci sannan ya wuce. Haɗarinsa shi ne mutum ya ga ya warware ya koma gida, alhali kwanakin farko bayansa su ne lokacin da babban ya fi zuwa.

A daren nan, a kan gadon da na saba kwantar da wasu, na ƙirga shekarun 'yata ta fari. Sha huɗu. Na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Inna. Kunya ma ta dame ni, don duk wanda ya leƙo gaishe ni ya san aikina.

Aka sallame ni da magunguna: amlodipine, da wani na rage ruwa a jiki, da na rage kitse a jini, da aspirin ƙarami wanda likita ya ba ni bayan hoto ya tabbatar ba jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwa ba. Wata uku ina sha ba fashi. Jini ya sauko 128 bisa 82. Sai na yi kuskuren da na fi gani a wurin marasa lafiya: na ce na warke. Ƙafafuna suna ɗan kumbura a idon sawu da yamma, abin da amlodipine kan jawo, na kama wannan hujja na ajiye maganin. Sati biyar bayan nan na auna na ga 174 bisa 104, kuma ba na jin ciwon komai. Wannan ya fi faɗuwar biro tsoratar da ni. Hawan jini mafi yawan lokaci ba ya ciwo. Masu cewa "ina ji a jikina in ya hau" suna yaudarar kansu ne ba su sani ba. Lambar da ta sauka, maganin ne ya saukar da ita, kuma ranar da aka janye shi za ta koma inda take.

Na koma wurin likita na gaya masa gaskiya. Bai yi min faɗa ba. Ya rage amlodipine daga miligiram 10 zuwa 5, ya haɗa min da wani, kumburin ya tafi. Da tun farko na je na faɗi damuwata, da an gyara cikin minti biyar. Kowane maganin hawan jini yana da halinsa: lisinopril kan sa busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa, maganin rage ruwa kuma yana sa yawan fitsari, shi ya sa ake shan sa da safe. Duk waɗannan ana canza su ko a rage su, a hannun likita.

Daga nan na zauna na tsara yinina, kuma na gane cewa niyya kaɗai ba ta riƙe ni. Abin da ya riƙe ni shi ne ɗaura kowane abu a jikin abin da ba na fashinsa, wato salla. Kwalin magani yana kan dardumata. In na idar da Asuba, kafin in naɗe ta, na sha. Na sayi 'yar robar nan mai gida bakwai, ina cika ta ranar Juma'a da daddare, saboda in shakka ta zo min ko na sha ko ban sha ba, gidan ranar zai ba ni amsa. Idan sauran maganin sati ɗaya, nake sayen na gaba, don yawancin masu yankewa ba da gangan suke yi ba, ƙarewa yake yi kuɗi bai zo ba, kwana biyu ya zama wata biyu. In na manta na tuna da rana, sai in sha. In sai washegari na tuna, na ranar kawai nake sha, ba na haɗa biyu.

Awo a gida shi ne abin da na fi so in tsaya a kai, don na ga mutane sun kashe kuɗi sun sayi na'ura suna tsoratar da kansu da lambobin banza. A sayi wadda ake ɗaurawa a damtse, ta fi ta wuyan hannu gaskiya. A duba girman maɗaurin: na gama-gari yakan dace da damtse mai kauri santimita 22 zuwa 32. Nawa damtsen ya kai 35, sai da na nemi babba, domin ƙaramin maɗauri a kan babban hannu yana ƙara lamba, ya nuna jinin ya hau alhali bai kai haka ba. Minti 30 kafin awo ba goro, ba shayi, ba kofi, ba taba, ba aikin ƙarfi. A yi fitsari tukuna. A zauna a kujera mai majingina, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ba a harɗe ba, a huta minti biyar cur. Hannu a kan tebur ko matashi, maɗaurin daidai saitin zuciya, a kan fata, ba a kan hannun riga ba, gefensa na ƙasa kamar yatsa biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu. Ba magana, ba waya. A auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, a rubuta duka biyun. Da safe kafin shan magani, da kuma daddare. Sati guda kafin ganin likita ina yin haka kwana bakwai a jere, in watsar da na ranar farko, in fitar da matsakaicin sauran. A asibiti 140 bisa 90 ne iyaka, a gida kuwa 135 bisa 85, domin mutum ya fi natsuwa a ɗakinsa. In na ga 180 bisa 120, in huta in sake. In bai sauka ba, ranar zan ga likita, in kuma da ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko dishi-dishin gani, ko nauyin hannu, ba jira. Littafina na awo ɗan ƙaramin littafin makaranta ne mai shafi 40. Yanzu ina kan na tara.

Kicin ne ya fi ba ni wahala, domin ba ni kaɗai ke cin abincin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan a shafe, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin burodi, da kilishi, da yajin tsire, da kifin gwangwani, da ɗan ƙullin sinadarin taliyar leda. Na ƙirga abin da nake zubawa a miyar kuka ta mutum takwas: dunƙule shida, gishiri cokali, ga kanwa. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa ba ta da ɗanɗanon gishiri sosai, amma sinadarin sodiyam da ke ɗaga jini yana cikinta, don haka mai zuba ta a wake da miyar kuɓewa da ɗanwake ya sa ta a lissafi.

Da farko na yanke komai rana ɗaya. Maigida ya kai loma biyu ya ce, "Maman yara, yau lafiya?" Yara suka bar tuwon. Na gane gaggawa ba za ta yi ba. Sai na koma ragewa da kaɗan-kaɗan: dunƙule shida ya zama biyar, bayan sati biyu huɗu, har muka tsaya a biyu. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Gurbin da aka bari na cike shi da daddawa mai kyau, da albasa mai yawa da aka soya ta yi ja, da tafarnuwa, citta, masoro, kanumfari da garin busasshen kifi. Wake kuwa, in an jiƙa shi tun dare ba ya bukatar kanwa. Na daina ajiye gishiri da yaji mai gishiri a kan tabarmar cin abinci. Nawa yajin ni nake dakawa da ƙuli-ƙuli da barkono da citta. Yanzu in mun je biki, ɗana na biyu ne ke fara cewa abincin ya yi gishiri.

Malmalar tuwona ta koma kamar dunƙulen hannuna, rabin kwanon kuma ganye ne: zogale, alayyahu, rama, kabeji, abin da kasuwa ta ba da. Ayaba, lemo, gwanda ko kankana sau ɗaya ko biyu a yini. Ganye da 'ya'yan itace da wake suna da sinadarin fotasiyam da ke taimaka wa jiki fitar da gishiri, amma mai ciwon ƙoda ya tambayi likita kafin ya yawaita su. Mai na miya ina auna shi da cokali, na daina tuttulawa daga galan. Lemon kwalba ya fita daga gidana sai ranar salla. Zoɓo ina sha, ba sukari ko da ɗan kaɗan. An yi bincike an ga yana ɗan rage hawan jini, amma ɗan ragi ne, kuma na ga wadda ta ajiye maganinta ta kama zoɓo da tafarnuwa aka kawo mana ita a kwance.

Maganar magungunan ciwon jiki kuwa tana ci min rai, domin a kowane kemis ana haɗa wa mutane su kamar alawa. Ibuprofen, diclofenac, piroxicam, duk suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, suna cin ƙoda in an daɗe ana sha. Shekara bakwai ina danne ciwon kai da abin da ke ƙara min cutar. Yanzu in ya zama dole, paracetamol nake sha. Maganin mura mai buɗe hanci shi ma yana iya ɗaga jini, haka ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin. Jiƙe-jiƙen da ake tallarsu a mota da lasifika ba na kai su bakina, don ban san me ke ciki ba.

Motsa jiki na ɗauka ina yi, tunda ina yini a tsaye a wurin aiki. Tsayuwa daban, tafiya daban. Abin da ake so minti 150 ne a sati, wato minti 30 sau biyar, da saurin da za ki iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. Na fara da minti goma a tsakar gida, ina zagayawa daga bakin zaure zuwa bakin rijiya. Kunyar fita nake ji, kada a ce matar aure tana yawo da sassafe. Daga baya na shawo kan maƙwabciyata mai ciwon sukari, muka riƙa fita da hijabanmu bayan gari ya fara haske, mu kai bakin makarantar firamare mu dawo. Lokacin bazara, a Afrilu da Mayu da zafi kan haura digiri 40, ƙarfe bakwai ta yi mana a gida. Da hunturu mukan jira rana ta ɗan fito. Ranar da ɗayanmu ta ji kasala, ɗayar ce ke buga ƙofa. Cikin shekara ɗaya da rabi na sauke kilo tara. Ƙuguna da na auna da tef ɗin tela a saitin cibiya ya sauka daga santimita 101 zuwa 90. Ana so mace ta kasance ƙasa da 80, ban kai ba tukuna, ina kan hanya.

Abin da ya fi min nauyi shi ne buɗe baki in ce na gaji. A gidajenmu mace ba ta kwanciya da rana sai in ciwo ya kayar da ita. Na kai takardar likita na nemi a rage min aikin dare, aka rage. Na tara 'yan'uwan maigida na ce, "Yaya, Hajiya mahaifiyarmu ce duka, ina roƙon a raba kwanakin jinyarta." Gabana yana faɗuwa na faɗa. Wasu ba su ji daɗi ba, an yi 'yan maganganu, amma aka raba. Wanke-wanke da shara na miƙa wa yara, maza da mata. Ƙarfe goma na dare waya tana kan caji a falo, ni ina ɗaki, domin in samu awa bakwai kafin Asuba ko kusa da haka, in cike da ƙailula ta minti 20 bayan Azahar in hali ya yi. Mai minshari mai ƙarfi, wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, ya gaya wa likita, don wannan ma yana hana jini sauka.

Azumin farko bayan ciwon na je wurin likita tun watan Sha'aban muka tsara. Mai shan magani sau ɗaya a yini yakan mayar da shi buɗa-baki ko sahur. Maganin rage ruwan nan aka ɗauke min shi daga sahur, saboda kada in yini ina fitsari ƙishi ya galabaitar da ni. Ruwa ina sha a rarrabe tsakanin Magariba da sahur, kuma soye-soyen buɗa-baki na rage su ƙwarai.

Sau ɗaya a shekara ina yin gwajin ƙoda, da na fitsari don a duba ko furotin na zuba, da na sukari, da na kitse, a duba min ido da zuciya. Na zaɓi watan da Inna ta rasu don kada in manta.

Yarana duka huɗu sun haddace abu uku: a ce wa mutum ya yi murmushi, ya ɗaga hannu biyu, ya maimaita magana. In baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya faɗi, ko magana ta dagule, a duba agogo a riƙe lokacin, a nemi mota zuwa babban asibiti mai na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Kada a ɗura masa ruwa ko abinci ko rubutu, don haɗiya kan lalace ya shaƙe ya tafi huhu. A yi masa addu'a a hanya. Kada a ba shi aspirin kafin hoto, domin in jijiya ce ta fashe zai ƙara zubar jinin. Allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko take aiki. Ko alamun sun wuce kamar nawa, a je a ranar.

Yau shekara shida ke nan. Ina da 49, na haura shekarun da Inna ta yi a duniya. Akwai satin da tafiya ke kuɓuce min, akwai bikin da nake cin abin da bai kamata ba, sai in dawo kan hanya washegari. 'Yata ta fari ta cika 20, kuma tun tana 18 nake auna ta sau ɗaya a shekara, tunda abin yana bin jini. Ranar Juma'a bayan La'asar matan layinmu kan shigo in auna su a tsakar gida, kowacce da 'yar takardarta, wadda na ga tata ta hau sau biyu a ranaku daban in tura ta asibiti. Kafin in ɗaura wa kowa, nawa damtsen nake fara miƙawa. Na Juma'ar da ta wuce 126 bisa 80 ne.